Da Akwai Wanda Zan Tambaya

Unguwar Dosa,
Kaduna.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga mai sunan uwarsa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ruwan alwala, kin ga ɗakin da aka ba ki hankalinki ya kwanta da shi. Ni na roƙi Goggonki Asabe ta sa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin farar rigar aikinki, don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san halina, magana mai nauyi ba ta fita daga bakina in ana kallona.

Ranar Lahadi bayan la'asar kika zauna kusa da ni a baranda, kika buɗe kwamfutar da makarantarku ta ba ku, kina nuna mini yadda za ku yi aiki da ita a asibitin ƙauyen da aka tura ki. Kika ce in an kawo marar lafiya abin ya shige miki duhu, babban likitan da ke kula da ku kuma ba ya kusa, za ki rubuta bayaninsa, ki haɗa da hoto in ta kama, ki aika wa malamanku da ke birni, su ba ki amsa tun kina tsaye a kansa. Kika ce duk mako za ku haɗu da 'yan ajinku da aka rarraba ƙauyuka, kowa daga inda yake, kuna ganin juna kuna jin juna. Har littattafanku kika ce suna ciki, ko babu sabis za su buɗu. Kina ta bayani kina murna, sai kika ga na miƙe na ɗauki buta na fita. Na san kin ɗauka tsohon halina na ƙin na'ura ne ya motsa. Ba shi ba ne, Ummi. Idona ne ya kawo ruwa, ban so ki gani ba. Dalilin ruwan idon nan zan gaya miki.

Kin san kina da wa da ya rasu kafin a haife ki. Abin da aka gaya miki shi ne ya yi zazzaɓi, kwanansa ya ƙare. Gaskiya ne, sai dai ba a ƙarasa miki ba.

Lokacin ina sabon malamin gona. Aka tura ni wani ƙauye can ciki, sai ka wuce Katabu, ka saki titin Zariya, ka yi ta tafiya har kwalta ta zama labari. Daga ni sai mahaifiyarki sai shi. Bai cika shekara uku ba. Yaro ne mai surutu, ga son bin mutane. In zan tafi gonar gwaji sai ya ɗauko 'yar sandarsa ya biyo ni, kuma duk dabbar da ya gani, saniya ce ko jaki, a wurinsa akuya ce. Manoman garin har tsayawa suke su nuna masa bijimi su ce, “Mene ne wannan?” don kawai su ji ya ce akuya su yi dariya.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi. Tun ranar farko mahaifiyarki ta ce, “Malam, mu kai shi asibiti. Yaron nan ba daidai yake ba.”

Na ce, “Zazzaɓin sauro ne, wane yaro ne ba ya yi? Ga ƙwaya na sayo a kemis.”

Washegari ta sake cewa, “Ya ƙi cin abinci, ko ruwa sai na matsa masa. Dubi tafin hannunsa yadda ya yi fari.”

Na ce mata ni na yi boko, na san abin da nake yi. A makon ne manya za su zo daga ofis duba gonar gwaji, hankalina duk yana can. Na fi tsoron a ce layin masarata ya karkace da a ce ɗana ya rame. Ta haƙura, irin haƙurin matan da suka san an yi musu ba daidai ba amma ba a koya musu musu da miji ba.

Ga nasihata ta farko. In uwa ta kawo miki yaro ta ce ba daidai yake ba, ki yarda da ita tun kafin ki buɗe kwamfuta. Ko ba ta iya faɗin abin da ta gani da kalmomin da ke cikin littafinku ba, ta gani. In kuma kika ga mijinta ne ke amsa duk tambayar da kika yi mata, ki nemi dabara ki aike shi ya karɓo kati ko ya sayo ruwa, ki tambaye ta ita kaɗai.

Ranar da abin ya faru da azahar ne. Ina gona aka aiko a guje, wai yaro yana jijjiga. Na tarar da shi idanu sun juye, haƙora sun datse. Na saɓa shi a kafaɗa, mahaifiyarki na biye ko takalmi babu, muka nufi asibitin garin. Babban likita ba kullum yake zuwa ba, ranar kuwa ya tafi birni. Wanda muka tarar wani ɗalibi ne da aka turo koyon aiki, kamar dai yadda aka tura ki yau. Dogo ne siriri mai tabarau, ina jin bai kai shekarunki ba. Mutanen gari ƙaramin likita suke ce masa, ni ma ban taɓa tambayar sunansa ba.

Ya karɓi yaron, ya yi masa allura, jijjigar ta lafa. Ya ja fatar idonsa ya duba, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙarin jini yake bukata, mu kuwa ba mu da shi a nan.” Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun rigarsa yana buɗawa.

Na ce, “Likita, me za mu yi?”

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Malam, ni ɗalibi ne, ba zan ɓoye maka ba. In na riƙe shi a nan, babu jini. In na ce ku tafi Kaduna, ban sani ba ko zai jure hanya. Ban san wanda ya fi ba.”

Gaskiya ya gaya mini, ni kuwa ba ita nake son ji ba. Na daka masa tsawa a gaban jama'a, na ce, “To me ka zo yi? Sai ku zo ku riƙa koyon aiki a kan 'ya'yan mutane!” Na fizge littafin na jefar. Ya sunkuya ya ɗauki abinsa, ya ɗaura wa yaron ƙarin ruwa, ya miƙa wa mahaifiyarki gorar ya nuna mata yadda za ta ɗaga ta, sannan ya ce, “Ku tafi. Allah ya kai ku.”

Akori-kurar da ta kawo taki muka samu. Hanya ta zama taɓo, wani rafi kuma ya cika, muka zauna a bakinsa muna kallon ruwa har ya ja baya. Kafin mu hau kwalta rana ta yi ja. Muna gab da Katabu mahaifiyarki ta ce a hankali, “Malam, taɓa shi ka ji.”

Ummi, kin san kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Yaro nake cewa, ko in ce kai. Ranar ce kaɗai na kira. Na ce, “Abubakar. Abubakar.” Direba ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya cire hularsa. Mahaifiyarki kuwa tana nan ɗaga da gorar ruwan, ba wanda ya iya ce mata ta sauke.

A gidan yayana a Rafin Guza, nan cikin Kaduna, aka yi masa sutura. Da muka koma ƙauye bayan an share makoki, sai ga ɗalibin nan ya yi sallama a ƙofar gida. Na fito na miƙa masa hannu a daƙile, ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. Ya tsuguna a ƙasa ya yi addu'a. Da ya shafa, sai ya ce, “Malam, tun ranar ban sami barcin kirki ba. Ina ta tunani ko da na riƙe shi na aika a zo da jini. Wallahi da akwai wanda zan tambaya...” Bai ƙarasa ba, kuka ya ci ƙarfinsa. Ni kuwa na tsaya ƙerere a kansa, na ce, “Allah ya ba da lada,” na juya na shige gida. Na bar shi da laifin, alhali na san kwanakin da na ɓata kafin in kai masa yaron su suka ɗaure masa hannu. Bayan 'yan makonni wa'adinsu ya cika, suka tafi. Ban sake ganinsa ba. Ban sani ba ko ya ƙarasa karatun, ko maganata ta sa ya ajiye farar rigar. Har yau ina sa shi cikin addu'a, ina cewa, Allah ka san wanda nake nufi.

To kin ji abin da ya tayar da ni ranar Lahadi. Abin da yaron nan ya nema da hawaye bai samu ba, shi ne aka sa miki a jaka kamar ba komai ba. Don Allah kada ki raina shi. Ranar da kika rasa wanda ya fi, ki tambaya nan take. Kada ki tsaya tunanin malama za ta ce ba ki yi karatu ba, ko 'yan ajinku su ga tambayarki su yi dariya. Faɗan malama na yini ɗaya ne. Ban ce wai da a ce ɗalibin nan ya sami mai ba shi amsa da wanki ya rayu ba, wannan ilmin yana wurin Allah. Amma da bai ɗauki nauyin nan shi kaɗai ba.

Kuma wata rana wani uba zai daka miki tsawa. Zai ce ke yarinya ce, zai ce kina latse-latse ɗansa na mutuwa. Kada ki rama, kada kuma ki tafi da maganar ɗaki ki kwana da ita. Tsoro ne ke magana da bakinsa, wataƙila har da laifin da ya san nasa ne. Ki gaya masa a fili, “Baba, babban likita nake tambaya a kan ɗanka,” ki juya masa fuskar kwamfutar ya gani da idonsa. In kin yi masa haƙuri, ni kika yi wa.

Da za a ce abin nan ya koya mini tambaya, da na ji daɗi. Bai koya mini ba. Bayan an dawo da ni hedkwata a nan Kaduna, aka kawo mana kwamfutoci ofis, aka ce kowa ya koya. Masu koyarwar yara ne da na girme wa nesa ba kusa ba. Na ji nauyin in zauna a gaban ɗan cikina in ce ban gane ba. Sai na lulluɓe tawa da mayafin tebur na ɗora fayil a kai, na riƙa cewa aikin hannu ya fi albarka. Haka na zauna har na yi ritaya, waɗanda suka sauke kai suka koya suka wuce ni ina kallo. Ba mamaki da Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya. Ragowar halin ne ya sa bara na rufe miki kwamfuta ina faɗa wai na kira ki ba ki amsa ba kina hira, ashe darasi kuke yi, malamarku da duk 'yan aji suna jin muryata. Kika yi dariya kika ce ba komai. Ni ban ba ki haƙuri ba a lokacin. Ki yi haƙuri. A can za ki tarar da nas-nas da unguwarzoma da suka girme ki, wasunsu na tsoron na'urar nan kamar yadda na ji tsoronta. Kada ki koya musu a gaban mutane. Ki zauna da su gefe, ki fara tambayarsu abin da suka sani na garin da cututtukansa, sannan ki nuna musu naki.

Akwai kuma abin da na yi wa mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta. Daga ranar da muka dawo daga Rafin Guza har ta koma ga Allah, ban taɓa zama da ita mun yi maganar yaron nan ba. In ta ɗauko zancen sai in ce, “Haƙuri dai, kowa da kwanansa,” in tashi. Na ɗauka tawakkali nake yi, ashe gudu ne. Takan ga yaro ɗan shekara uku a titi ta bi shi da kallo har ya ɓace, ina gani, in kawar da kai. Muna ɗaki ɗaya, kowa na kukansa a ɓoye.

Ke ma za a mutu a hannunki, Ummi. Ba fata nake miki ba, aikin da kika zaɓa ne. Ranar da ta faru, kada ki kulle ɗaki ki ce ke jaruma ce. Haɗuwar nan ta mako da kika ce kuna yi da 'yan ajinku, kada ki mai da ita ta sunayen cututtuka kawai. Ki buɗe baki ki ce, “Yau na rasa yaro, kuma abin ya tsaya mini a rai.” Za ki tarar wata a wani ƙauyen tana ɗauke da irin naki tana jiran wanda zai fara. In kuma sun yi miki nisa, ga ni. Na makara wajen koyon saurare, amma yanzu na iya.

Kin tuna jinyar mahaifiyarki ta ƙarshe, lokacin kina shekarar farko a jami'a. Akwai ranar da muka shiga ganin wani matashin likita. Tun da muka zauna idonsa na kan kwamfuta, yana tambaya yana bugawa, har muka tashi. A hanya ta ce, “Yaron nan in ya gan ni a kasuwa gobe ba zai gane ni ba.” Na taya ta jin haushi. Sai ta dube ni ta ce, “Kai ma ai takardun gwaji kake kallo, Malam. Yaushe rabon da ka dubi fuskata?” Gaskiyarta ce. Na haddace duk sakamakon gwajinta, ina bin likitoci da tambaya a kan lambobi, don kallon lamba ya fi mini sauƙi da kallon yadda take ƙarewa. Saboda haka in marar lafiya ya shigo, ki fara gaishe shi, ki tambaye shi gida da gona, ki kama hannunsa in ya halatta, ki dube shi sosai. Kwamfutar ba za ta gudu ba. Malamanki da ke birni ma da idonki suke gani, in ba ki duba da kyau ba, amsar da za su ba ki ta makafi ce.

Maganar hoto kuma, amana ce. Matar da ta buɗe miki ciwonta, ke ta buɗe wa, ba ta san akwai wasu idanu a cikin akwatin nan ba. Ki gaya mata wanda zai gani da dalilin ganin, in ta ce a'a, a'a ɗin ke nan, ki rubuta da kalmomi. Kada hoton jikin wani ya fita daga hannunki zuwa inda ba magani za a nema masa ba, ko da wurin aminiyarki ce.

Na san kuma akwai ranar da hadari zai rufe, sola ta ƙi caji, sabis ya ɗauke, ki tsaya daga ke sai marar lafiya sai Allah. Ranar ki tuna abin da ɗalibin nan ya yi, don duk da na ci mutuncinsa, daidai ya yi. Bai yi ƙaryar sani ba. Ya yi abin da ya iya, ya faɗi iyakarsa, ya yanke shawara da bismillah. Ba a neman fiye da haka a wurin ɗan Adam. Don haka ki yi karatunki kamar babu kwamfutar, ki kuma yi tambaya kamar ba ki yi karatu ba.

Saura maganata. Na ji kina gaya wa Goggonki a kicin cewa kina so ki roƙi makaranta a bar ki a Kaduna saboda ciwon sugana da ƙafar nan. Shi ya sa na riga ki, na ce in kika yi haka ban yafe ba. Na ga ranki ya ɓaci, kin ɗauka korarki nake. Ummi, gidan nan in kin fita babu sauran mai motsi a cikinsa sai ni da Goggonki da rediyo. Ba wanda ya kai ni son ki zauna. Amma ni a birni nake, asibiti na kusa, likitoci sun fi a ƙirga. Can inda za ki, akwai wani uba mai taurin kai irina da zai shigo da ɗansa a kafaɗa, ya makara. Ina so ya tarar da ke. Zan sha maganina a kan lokaci, zan bar shayi mai sukari ko a gidan suna, na yi miki alkawari.

Ki kwana cikin gidan sauro ko da zafi. Kada ki bi hanya bayan magariba, kome aka ce miki. Ki je ki gai da mai gari da limami da matan gidansu tun a makon farko, baƙon da ya yi gaisuwa ba ya rasa mai tsaya masa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci da azkar na safe da yamma.

Yanzu da kike karanta wannan, kin riga kin ga ban raka ki tashar Kawo ba. Na san zan ce miki ƙafa ce ta hana, in tsaya a bakin ƙofa in ce Allah ya kiyaye hanya, in koma ciki da sauri kamar na bar wani abu a wuta. Ƙafar lafiyarta lau da safe. Ba zan iya tsayawa in ga mota ta ɗauke ki ba ne, kuma ba na so hoton da za ki tafi da shi ya zama na tsoho yana kuka a tasha. Zan kasance bayan labule ina kallonki har ki sha kwana.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Allah ya sa waraka a hannunki, ya sa tausayi a zuciyarki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki da wanki, ya sa suna inuwa ɗaya. Allah ya dawo mini da ke lafiya, in kuma ya ƙaddara ba za ki tarar da ni ba, ki sani na yarda da ke duniya da lahira, ban da komai a kanki sai albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.